Labarin Zuciya a Tambayi Fuska: Tarke a Kan Na'urar da Ke Karanta Tsufa

A ƙarshen watan Maris na bara, a tsakiyar zafin bazara, na raka kakata cin kasuwar Lolo, garin nan na bakin Kwara a ƙaramar hukumar Bagudo, inda naira da sefa ke kwana cikin lalita guda, kuma in ka miƙe kaɗan sai ka tsinci kanka a ƙasar Benin ba tare da ka ji wani abu ya sauya a ƙarƙashin ƙafarka ba. Da muka sayar da 'yar albasar da muka kawo, sai muka fake a rumfar wani saurayi mai kayan kwalliya kafin rana ta yi sanyi. Saurayin yana da dabararsa ta jan ciniki. Yakan ɗauki hoton fuskar mace da wayarsa, wata manhaja ta yi 'yan daƙiƙoƙi tana zagaya fuskar da layuka masu haske, sa'an nan ta fito da hukunci cikin Faransanci, shi kuwa ya fassara, ya laluba cikin kayansa ya ɗauko man da ya dace. 'Yan mata sun yi masa zobe suna ta shewa.

Kakata, wadda ba ta barin abin kallo ya wuce ta, ta zungure ni.

"Kishiya, wai wanga na madubin Nasara mai faɗin shekaru? Bari in gwada, in ga ko ya san abin da ni ban sani ba."

Ta gyara mayafi ta zauna. Manhajar ta zagaye kumatunta biyu da jan layi, ta ɗiga alama a tsakiyar goshi, ta rubuta shekara 78. Saurayin ya yi ɗan jim, ya ce, "Inna, ta ce kina da tamoji masu zurfi a kumatu, da tabon rana a goshi. Rana ce ta ɓata miki fata."

"Mi tac ce?" in ji ta. Ya maimaita. Ta shafa kuncinta ta ce, "Yaro, wanga zane wanzami yay yi shi tun ina zanen goyo, don a san ɗiyar wa nike. Na goshi kuwa salla ta. Rana mi nata ciki?"

Aka yi dariya aka watse, amma ni tambayar ta biyo ni gida. Na yi shekara huɗu a jami'a ana nanata mini cewa babu mai karatun da ke shiga matani hannu rabbana. Kowa yana zuwa da abin da ya taɓa karantawa, da harshen da aka rene shi da shi, da kuma buƙatar da ta kawo shi. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, wato tun kafin a ƙera kwamfuta ya ɗauki fuska a matsayin rubutu da ake karantawa. Ashe abin da na gani a rumfar nan sabon mai karatu ne ya shigo gari, ya duba wani tsohon matani, ya yi masa fassara. Tunda kuwa fassara ce, tana shiga hannun manazarci kamar kowace fassara, kuma yana da damar ya tambayi inda mai ita ya yi karatu, da kalmomin da yake aiki da su, da wanda ke biyan sa ladan aikin.

Adalci ya sa a fara da bayyana yadda abin yake aiki. Ƙirƙirarriyar basira ba ta san tsufa ba, ba ta kuma taɓa shan rana ba. Ana tara dubban hotunan fuskoki, a ba likitocin fata su sa wa kowane hoto maki: zurfin tamojin goshi, na gefen ido, sakin fatar kunci, girman ƙofofin gashi, yawan tabo. Daga nan sai a riƙa nuna wa kwamfuta hotunan, ta yi hasashe, a gwada hasashenta da makin likitoci, a gyara mata lissafi, a sake, har sai kuskurenta ya ragu. Abin da take gani a zahiri lambobi ne na haske da duhu. Dogon layi mai duhu a kan fata, a iyakar saninta, tamoji ne. Wuri mai duhu a tsakiyar wuri mai haske, tabo ne. Kamar ɗalibin nan take da ya haddace amsoshin jarrabawar shekarun baya: muddin tambaya ta zo a yadda ya saba sai ya ba ka mamaki, in kuwa aka sauya ta, zai amsa da irin wannan ƙarfin hali, ya faɗi ƙasa warwas bai sani ba.

Manyan kamfanonin kayan shafa ne suka yi wa wannan fasaha gata. A 2017 Olay ya baje kolin manhajarsa ta Skin Advisor a Basalona, wadda ke ba mace abin da ake kira shekarun fata. A 2018 L'Oréal ya sayi kamfanin ModiFace na Kanada, a 2019 kuma ya fito da SkinConsult AI ƙarƙashin sunan Vichy. Bayanin da kamfanin ya bayar da kansa ya ce an horar da ita da hotunan asibiti 6,000, da wasu fiye da 4,500 da mata suka ɗauki kansu da waya, daga rukuni uku: 'yan Asiya, Turawa, da baƙaƙen fatar Amurka. Yabon gwani ya zama dole, domin an tuna da baƙar fata. Sai dai mai karatu ya lura da wadda aka ɗora wa nauyin wakiltar mu duka. Mace ce da ke zaune a birnin da ƙanƙara ke sauka, tana wuni a cikin gini, ba ta taɓa dashen shinkafa a fadamar Illo ba, ƙurar hunturu ba ta taɓa busar mata da leɓe ba, kuma babu wanzamin da ya taɓa kusantar kuncinta da aska.

Matsalar ta girmi wayar hannu. Ma'aunin launin fata da likitocin duniya suka fi aiki da shi na Thomas Fitzpatrick ne, wani likita na Jami'ar Habad, wanda ya tsara shi a 1975 don sanin yawan hasken da za a haska wa masu wata cutar fata ba tare da an ƙona su ba. Matakai huɗu ya fara yi, dukkansu na fararen fata, kuma tambayar da ke raba su ita ce: in ka sha rana, fatarka ja take yi ta yi zafi, ko duhu take yi? Daga baya aka ƙara na biyar da na shida. A cikin waɗannan matakai biyu na ƙarshe aka cusa Bafulatanar Ka'oje, da Bazabarmiya, da Badandiya, da Basarkiyar da ke sayar da kifi a bakin gadar Tuga, da mutanen Indiya ta kudu, da na Sudan. Mu da muke da wankan tarwaɗa, da ja, da fari, da baƙi mai sheƙi, da baƙi wuluk, mun san cewa harshen kasuwa ya fi wannan ma'auni ido. A wajen manazarcin adabi wannan sanannen abu ne. Littafin da ya ba taurari huɗu suna da tarihi da hali, ya tara sauran jama'a a jimla guda, ya riga ya faɗa maka wanda aka rubuta shi dominsa.

Alƙaluma sun tabbatar da zargin. A 2021 wasu masu bincike a Ingila suka duba rumbuna 21 na hotunan sankarar fata waɗanda kowa ke iya ɗauka ya horar da na'ura, hotuna 106,950, suka buga sakamakon a mujallar The Lancet Digital Health. Hotuna 2,436 kaɗai aka rubuta launin fatar masu su, kuma a cikinsu goma ne na masu launin ƙasa, ɗaya tak na mai duhun fata sosai. Kafin nan, a 2018, Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni uku masu bambance fuskar namiji da ta mace, suka tarar kuskuren bai wuce kashi 0.8 cikin ɗari a kan fararen maza ba, amma ya kai kashi 34.7 a kan mata masu duhun fata. Wanda ya fi kusa da zancenmu shi ne gasar kyau ta Beauty.AI a 2016, inda aka naɗa na'urori alƙalai, kuma rashin tamoji na cikin abubuwan da suke dubawa. Mutum kusan 6,000 suka aika hotuna daga ƙasashe fiye da 100, aka zaɓi 44, mai duhun fata ɗaya ne a ciki. Shekara guda bayan haka mai manhajar FaceApp ya fito ya ba da haƙuri, domin maɓallin da ya ce yana ƙara wa mutum kyau hasken fata yake ƙara masa.

Ana ƙoƙarin gyara. A 2022 Google ya rungumi ma'auni mai matakai goma na Ellis Monk, masanin zamantakewa, kuma masu bincike a Jami'ar Stanford sun haɗa rumbun hotuna da ya ba duhun fata haƙƙinsa. Amma ko da an cika rumbunan da baƙaƙen fuskoki, abin da ya faru da kakata ba zai gyaru ba, domin kuskuren da aka yi mata bai tsaya ga launi ba. Fuskar mutumin ƙasar Kabi takarda ce da hannuwa da yawa suka yi rubutu a kanta. Akwai tsagar gado da ke faɗin asali, wadda Bakabe da Bagobiri ke gane juna da ita har su yi wasan barkwanci da wanda ya dace. Akwai 'yar tsagar magani da aka yi wa yaro a gefen ido lokacin da ya yi ciwo. Akwai baƙin da Fulani mata ke yi a leɓe don ado, da kwalli, da ɗigon katambiri a goshin budurwa, da tabon salla, da furu-furun hunturu wanda man kaɗe ke gusarwa cikin minti ɗaya. Kowane ɗaya da marubucinsa, da lokacinsa, da ma'anarsa. Mai karatun da ya tattara su duka ya ce rana ce ta rubuta, ya yi irin laifin da malamanmu ke kira ɗora wa matani abin da bai faɗa ba. Ga shi kuma al'adar tsaga tana ƙarewa, har dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yin ta, saboda haka fuskokin da ke ɗauke da ita tsofaffi ne, su ne kuma na ƙarshe da wani zai yi tunanin ɗaukar hotonsu don koyar da na'ura.

Akwai wani ƙaramin abu da ya ba ni dariya daga baya. Don a koya wa kwamfuta kintatar shekaru, dole a ba ta hotunan mutanen da aka san ranar haihuwarsu. Kakata ba ta da takardar haihuwa. Abin da ta sani shi ne an kai ta ɗaki shekarar da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, wato 1973, tana yarinya ƙarama. Duk yadda aka yi lissafi ba ta kai 78 ba, tsagar ce ta ƙara mata shekaru fiye da goma. Haka kuma hoton da manhajar ta duba, wayar ta riga ta yi masa kwaskwarima kafin ta miƙa shi, domin yawancin wayoyin da ke hannun matasanmu suna goge fuska su haskaka ta da kansu. Wannan ma tsohon ciwo ne: shekaru da dama kamfanin Kodak yana daidaita launin hotunansa da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya.

To, rana fa, mi nata ciki? Tana da nata, kuma ba kaɗan ba. A cikin haskenta akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda ke ratsa fata ya karya zaruruwan da ke riƙe ta, ya dagula ƙwayoyin da ke yin launi, wani lokaci ya taɓa ƙwayar halitta har ta zama sankara. A 2012 mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine ta buga hoton wani direban babbar mota ɗan shekara 69 wanda ya yi shekara 28 yana tuƙi. Gefen hagu na fuskarsa, mai kallon taga, ya yamushe kamar na wanda ya girmi gefen dama da shekaru masu yawa. Duk wanda ya lura da hannun hagu na direbobin hanyar Tsamiya ya ga ƙanen wannan hoto. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ce mutum biliyan 1.6 ne ke aiki a cikin rana, kuma kusan 19,000 sun mutu a 2019 da sankarar fata da wannan aiki ya jawo. Manomin rani da masunci da mai tallar nono duk suna cikin wannan lissafi.

Sai dai rana ba ta yin rubutu iri ɗaya a kan kowace takarda. Maganar da ake yawan ji a tallace-tallace, wai kashi 80 cikin ɗari na alamun tsufan fuska daga rana suke, ta fito ne daga binciken da masanan L'Oréal suka buga a 2013, a kan mata 298, dukkansu Turawa. Sinadarin melanin da ke ba mu duhu garkuwa ne. Wani bincike na 1979 a Amurka ya kimanta kariyar da saman baƙar fata ke bayarwa da 13.4, na farar fata kuwa 3.4. Shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana, kuma idan tsufa ya zo ya fi bayyana ta hanyar rarrabuwar launi, da sakin kunci, da ƙananan baƙaƙen ƙuraje marasa ciwo da ke fitowa a kumatun iyayenmu. Na'urar da ta koyi cewa tsufa tamoji ne za ta rage wa wata shekaru ta yi mata daɗin baki, ta ƙara wa mai tsaga, kuma a duka biyun ba ta karanta abin da ke gabanta ba.

Yanzu sai kalmomi, inda nan ne gonar manazarci. Rahoton irin waɗannan manhajoji yana da ƙamus ɗan ƙarami: lalacewa, gyara, maki, yaƙi da tsufa. Labari ne mai jigo guda, wanda a cikinsa fuskar ƙuruciya ce asali, duk abin da ya biyo baya hasara ce, lokaci kuma ɓarawo. Hausa tana da wani labarin daban a cikin kalmominta. Girma kalma ɗaya ce da ke ɗauke da yawan shekaru da kuma daraja. Daga dattijo aka samo dattako, wanda ake yaba wa ko da yaro ne ya nuna shi. Idan aka ce mace ta manyanta, ba a zage ta ba. Ba na cewa Bahaushe waliyyi ne a nan; tatsuniyoyinmu cike suke da makirar tsohuwa mai haɗa gurmi, kuma matar da aka yi wa amarya ta san kuɗin da ƙuruciya ke yi a kasuwar aure. Amma harshen ya bar ƙofa biyu a buɗe, manhajar kuwa ɗaya ta sani. Ba ta da wata hanya ta cewa wannan fuska ta yi noma hamsin, ta binne 'ya'ya biyu, ta aurar da shida. Iyakarta ta ce an samu ɓarna, ga kuma magani.

A wajen maganin ne abin dariya ya koma abin tsoro. Malamai sun koya mana mu duba inda labari ya ƙare in muna son sanin manufarsa, kuma kowane rahoto na wannan madubi a kan kwalbar mai yake ƙarewa. A Faris kwalbar na iya zama man kariya daga rana. A rumfunan kan iyaka, daga Lolo zuwa Malanbil, daga Tsamiya zuwa Segbana, abin da ya cika kanta shi ne mayukan bilicin masu rubutun Faransanci da hoton mace fara sol. Idan manhaja ta gaya wa yarinya cewa launinta bai daidaita ba, babu wanda zai fassara mata wannan da sa malafa. Abin da za ta ji shi ne ta yi baƙi. Wata takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011 ta ce kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna shafa mayukan ƙara haske. Adadin ya samo tushe daga binciken da aka yi a kan 'yan kasuwar Legas, saboda haka bai kamata a shimfiɗa shi a kan ƙasa duka ba, amma wanda ya halarci biki ɗaya a garinmu ya ga gaɓoɓin yatsu baƙi a jikin hannu fari. Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, hukumar NAFDAC kuma ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a farkon 2023.

Abin da mayukan ke yi shi ne kwance wa fata garkuwarta. Sinadarin haidurokwinon yana hana jiki yin melanin. Masu ɗauke da sitiroyid suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa. Masu ɗauke da zaiba suna taɓa ƙoda. Matar da ta daɗe tana shafa haidurokwinon tana kuma shiga rana, sai wani baƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito mata a saman kumatu, wanda likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana tun 1975, kuma yana da wuyar magani. Wannan ita ce ɓarnar rana ta gaske da na fi gani a fuskokin sa'o'ina. Idan mai irin wannan tabo ta koma gaban madubin saurayin nan, zai zagaye tabon da jan layi, ya ce rana ce, a miƙo mata wata kwalbar da ta fi ta farko ƙarfi. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, ba ta dai san abin da ya gabata ba, kuma ba a gina ta don ta tambaya ba.

Kada mu ma'abota adabi mu yi saurin wanke hannu. Tun daga shekarun 1980 da littattafan soyayya suka bunƙasa a Kano, har zuwa waɗanda ake karantawa yau a waya, sau nawa tauraruwa ta fito ba fara ba, ba mai dogon gashi ba, ba a kamanta ta da Larabawa ko Indiyawa ba? Akwai marubutan da suka saɓa wa wannan, kuma sun cancanci yabo, amma a littattafai da yawa baƙar mace ita ce uwargidan da aka gaji da ita ko 'yar aikin gida. Da za a horar da na'ura da siffofin taurarin littattafanmu, ina tsoron alƙalancinta ba zai bambanta da na gasar 2016 ba. Madubin Nasara ya tarar da gona a share.

Duk da haka ban ga dalilin jefa shi cikin Kwara ba, domin akwai waɗanda ke matuƙar buƙatar ido irin nasa, kuma ba su ne ake tallata wa shi ba. Zabiya, wanda jikinsa ba ya yin melanin yadda ya kamata, yana rayuwa a ƙarƙashin rana ɗaya da mu ba tare da garkuwa ba. Tun yana yaro wasu ƙananan wurare masu kaushi ke fito masa a kunne da wuya da leɓe da bayan hannu, kuma su ne kan rikiɗe su zama sankarar da ke kashe zabiya da yawa a Afirka tun da sauran ƙuruciyarsu. Idan an gan su da wuri, cire su abu ne mai sauƙi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 13 ga Yuni don tunawa da masu wannan halitta, kuma gidauniyar da Jake Epelle ya kafa a 2006 ta daɗe tana kuka a kan wannan sankara. Likitocin fata kaɗan ne a ƙasar nan, suna kuma manyan birane. Ɗan ƙauyen Bagudo sai ya ɗauki hanyar Birnin Kabi ko Sakkwato kafin ya sa ran ganin ɗaya. Manhajar da ma'aikaciyar ƙaramin asibiti za ta haska a kunnen yaro zabiya ta ce mata wannan a tura shi gaba, ta fi dubun masu faɗin shekarun fata amfani. Fasahar kusan ɗaya ce, tambayar da aka ɗora mata ce ta bambanta. A 2025 masu bincike a Boston sun nuna, da wata manhaja mai suna FaceAge, cewa masu ciwon daji sukan bayyana sun girmi shekarunsu da kimanin biyar a hoto, kuma hakan na iya taimaka wa likita ya auna ƙarfin jikin majiyyaci. Ashe fuska tana da labarin da ya wuce na kwalliya.

Ga mu masu duhun fata kuwa, akwai wani abin lura. Sankarar fata mafi haɗari, idan ta kama baƙin mutum, ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ta cika gani ba. Ita ce ta fara a yatsan ƙafar Bob Marley ta kashe shi a 1981 yana da shekara 36. Wata irin kuma takan tsiro a tsohon tabon ƙuna ko gyambon da ya ƙi warkewa, abin da asibitocinmu suka sani sarai. Manomin da ke shiga fadama ba takalmi zai ɗauki baƙin ɗigo a ƙafarsa tamkar sartse ko faso, har ya makara. Na'urar tana can tana ƙirga layukan goshi, cutar tana ƙasa inda kyamara ba ta leƙawa, domin ba a sayar da man tafin ƙafa da tsadar man fuska.

Saura tambayar inda hoton ya tafi. Dokar kare bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a Yunin 2023, ta sanya bayanan siffar jikin mutum da ake gane shi da su cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman, Benin ma tana da tata dokar. Amma a rumfar nan wayar tana kan layin wata ƙasa, rumfar tana ƙasar wata, rumbun da hoton ya faɗa yana wata nahiya, sharuɗɗan kuma an rubuta su da harshen da mai fuskar ba ta ji. Babu wanda ya tambaye ta, ni ma da nake taƙama da digiri ban tuna ba.

Ita ce ta tuna. Mun kama hanyar gida da la'asar sakaliya, ta sayi man kaɗe na ɗari biyar da malafa guda da ta ce za ta kai wa ɗan maƙwabciyarta zabiya, wanda ke bin ubansa gona. Muna jiran mota ta cika sai ta juyo.

"Kishiya, hoton nan yana nan cikin wayar yaron ga?"

Na ce ina jin ya ma wuce nan, ya tafi can inda aka ƙera abin.

Ta yi shiru tana kallon kogi. Can ta ce, "Ranar kasuwa ki koma ki ce mai ya aika musu su share. In suna so a sake wani. Wancan ko kwalli ban sa ba."